Bayan Abashe, Kafin Janaina

Na wuce kabarin mahaifina ban tsaya ba. Ina cikin jirgin sama, a ɗaure da kujera, daga Kano zuwa Jidda. Ko ta kansa muka bi ko ta gefe, har yau babu wanda ya iya gaya mini. Tun daga ranar ban sake zama daidai ba. In na zauna a zaure sai in ji kamar na bar abu a kan wuta. In tashi, in leƙa titi, in dawo. Matar ɗana ta ce hawan jini ne. Ba shi ba ne.

Lokacin da nake yaro, Gabas, wato Makka, ba wurin da ake zuwa a dawo da wuri ba ne. Tudun Wadar Zariya ma ba haka take ba. Gidaje ba su haɗe ba, akwai gonakin dawa tsakaninmu da Ƙofar Doka, in damina ta yi nisa yaro yakan ɓace a cikinsu. Da sassafe abin da ke tashe mu sautin taɓarya ne daga kowane gida, sai kukan jirgin ƙasa daga wajen Sabon Gari, sai jakunan masu itace. Yanzu janareta ne da hon ɗin 'yan acaɓa. Babana baduku ne, yana ɗinka takalma da jakunkuna a ƙofar gida. Aikina in murza masa zare, in jiƙa fata, in kai wa mutane kayansu, in an yi wanki in raka Inna rafin Kubanni ɗauke da kwando. Ba mai yawan magana ba ne, a wurinsa na gado. Ranar da ya yanke shawarar tafiya, bai ce komai ba. Ya je kasuwa ya dawo da farin yadi, ya miƙa wa Inna. Ta duba ta gane. Likkafani ne, nasa da nata da nawa. Haka ake yi. Mai zuwa Gabas shi yake fara saya, kafin guzuri, kafin takalmi.

Daga nan sai yawon neman yafiya. Gida gida muka bi, ina bayansa. Ya durƙusa a zaure ya ce a yafe masa, a ce an yafe, shi ma ya yafe. Har wanda suka taɓa sa-in-sa a kan iyakar gona sai da ya je wurinsa. A cikin gida mata suka taru ana dakan gumba, ana toya ƙuli-ƙuli, ana shanya kuɓewa. Unguwa duka ta san za mu tafi, kuma ta san ba lallai mu dawo ba. Kakata, uwar Baba, ƙafa ta hana ta. Ita aka bari da maƙwabta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce mu gai da Manzon Allah, ta juya fuska bango.

Mutanen yanzu suna zaton tafiyar ƙafa miƙewa ake yi har a isa. Ba haka ba ne. A tafi har guzuri ya ƙare, a sauka a wani gari, a yi aiki. Baba ya shimfiɗa fatarsa a bakin kasuwa ya gyara wa mutane takalma, Inna ta yi surfe a gidajen mutane, ni in yi kiwon awakin da ba namu ba. In abu ya taru a ƙara gaba. Wani lokaci a samu babbar mota a hau kan buhuna, wani lokaci ƙafa. Mun yi damina a Yerwa. Mun yi wata a Fallomi, garin da yanzu ake kira Njamena, can Inna ta haifi ƙanwata Hanne. Na iya gane gari ya kusa tun ban gan shi ba, daga warin hayaƙi da kashin shanu. Na iya barci a tsaye. In na dame shi da tambayar saura nawa, Baba yakan ce, "Bar tambayar nan. Tambayi inda ruwa yake." Gari da gari a wancan lokacin, abin da ke tsakaninsu sananne ne: rijiya ce, ƙaya ce, mutanen kirki ne ko ɓarayi. Ka bi da ƙafarka, ka san wa ya ba ka fura, wa ya sakar maka kare.

Bayan Abashe ta ƙasar Chadi, kafin Janaina ta Sudan, cikin Baba ya ɓaci. Ruwan wata rijiya ne, mai ɗaci. Kowa ya sha, shi ya kama. Ya yi ta tafiya a hakan har ƙafa ta ƙi. Ayarinmu ya sauka a gindin wata aduwa. Na kawo masa ruwa ya kurɓa ya tofar. Ya ce, "Ruwan rijiyar gidanmu, ko wanda kaji suka sha suka rage, ya fi wannan." Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Da hantsi ya cika. Maza suka haƙa da fartanya da hannu, aka sa shi a yadin da ya saya a Zariya, aka jera duwatsu, aka lulluɓe da ƙaya saboda kura. Da aka gama, Inna, da Hanne a bayanta, ta kama haɓata da ƙarfi ta juya mini kai. "Duba dutsen can mai kai biyu. Duba aduwar nan. Duba busasshen rafin. Ka gani?" Na ce na gani. Ta ce, "Ka riƙe. Kai kaɗai ne mai ido a nan, wannan ba ta san komai ba."

Ba mu tashi daga wurin ba sai ga wani ayari na alhazai masu komawa gida, sun sauka a rijiyar. Inna ta ce in bi su. Ta ce tsohuwa tana Tudun Wada tana jiran ɗanta, kuma ba za a bar baƙo ya kai mata wannan labari ba. Na ce ba zan koma ba. Ta mare ni. Sannan ta ce, "In ta rasu ka biyo mu. In ka zo nan ka tsaya, ka yayyafa masa ruwa, ka yi masa addu'a, sannan ka ƙaraso ka gaya mini yadda ka same shi." Suka yi gabas, na yi yamma. Gemu bai fito mini ba tukuna.

Na kawo wa Kaka labari. Ta ji, ta ce Allah ya jiƙansa, ta ce in ɗebo mata ruwan alwala. Ta daɗe ba ta mutu ba. Na ciyar da ita da gatari, ina faskare a gidajen mutane, daga baya na yi dako a kasuwa, na tura amalanke, na yi yaron mota. Kowace shekara ina cewa bana zan tafi. Kafin ta rasu na yi aure, kafin in ankara ga yara. Hanyar ma ta canja, aka kawo takardu da shingaye, inda muka ratsa babu mai tambaya sai ga soja. Labarin rasuwar Inna a Makka wani alhaji ne ya kawo mini, bayan ya tsufa a bakinsa. Na san dai Hanne na raye a Jidda, ta yi aure can. Shi ke nan abin da na sani.

Ɗana Sabi'u yana sayar da dogayen rigunan mata a kasuwar Tudun Wada. Jidda yake zuwa saro kaya, kamar yadda ake zuwa Kano. Ya tafi Litinin, kafin wata Litinin ya dawo yana ƙorafin ciwon baya. Shi ya bi diddigi cikin 'yan ƙasarmu mazauna can har ya gano Hanne. Wata rana ya zauna kusa da ni ya ce, "Baba, shirya. Za mu je Umra, ka ga Gwaggo."

Na ce, "Kwana nawa ne a hanya?"

Ya yi dariya. "Kwana? Baba, awa biyar ma ba ta cika. In mun tashi Kano da hantsi, a can za mu yi la'asar."

"Nisan fa?"

Ya latsa wayarsa ya ce kilomita dubu uku da 'yan kai. Ban san kilomita ba. Na san yadda takalmin fata ke cinyewa tsakanin Yerwa da Fallomi. Ban yi masa gardama ba, amma a raina na ce babu abin da zai yi wannan tafiya bai yi zango ba. Raƙumi yana durƙusawa, mota tana shan mai. Kuma na sha jin tsofaffin alhazai, waɗanda suka fara hawa jirgi, suna cewa ana sauka a Sudan a sha mai kafin a ƙetare teku. To in an sauka, zan nemi alfarmar yini ɗaya ko biyu, in nemi mota, in je in dawo. Haka na tsara. Ban gaya wa kowa ba. Ban saba faɗin abin da zan yi ba.

Na fita neman yafiya kamar yadda na ga an yi. Na fara da Ɗanjuma mahauci, abokina tun muna dako. Na same shi yana jera tsire.

"Na zo ka yafe mini. Gabas za ni."

"Yafiyar me? Kafin in sayar da naman nan ka sauka."

"Ka yafe ko ba ka yafe ba?"

"Kai dai tsohon nan akwai neman magana. Jikata ta je Dubai jiya, ko sallama ba ta yi mini ba, a waya na gan ta tana shan ƙanƙara."

"Ɗanjuma."

"Na yafe, na yafe! Ni ma ka yafe mini, na sha zaginka a bayan ido. Ka taho mini da dabino, mai laushi, ka san ba haƙora."

Na je Hanwa, na je Tudun Jukun, inda sauran sa'o'ina suka koma wurin 'ya'yansu. Yawanci na tarar sun rasu. Inda aka saba shiga zaure a yi sallama, yanzu ƙofar ƙarfe ce, ka buga a leƙo ta ƙaramar taga a ce wa za a ce. Wata Hajiya, matar wani abokina marigayi, da na ce a yafe mini sai ta ɗauka ciwon ajali ne ya kama ni, ta fara salati. Da na ce Umra za ni ta ce, "Haba Malam, ka tsorata ni. Wa yake wannan yanzu?"

Rijiyar gidanmu tana nan, an rufe ta da kwano tun da aka haƙa burtsatse a layin. Na buɗe, na zura guga, na cika gorar roba, na sa a jakar hannuna. A filin jirgi wata ma'aikaciya ta zaro ta.

"Baba, ba a shiga da ruwa."

"Ba na sha ba ne."

"Ko na mene ne, Baba. Doka ce."

Sabi'u ya matso yana jin kunya. "Haba Baba, wurin zamzam za mu, ka ɗauko ruwan rijiya?" Mutane na bayanmu suna jira. Na bar mata. Ta jefa cikin wani kwandon shara tare da sauran gorunan mutane. Na ce ba komai, ruwa ko na can ne zai yi, tsayawar ce babba.

Jirgi ya tashi. Kunnena ya toshe. Na leƙa taga na ga Kano ta zama kamar an watsa tsakuwa, daga nan sai fari. Babu rijiya, babu gari, babu wanda za ka yi wa sallama. Sanyi kawai da ƙugi. Aka kawo shinkafa a 'yar roba, na ci kaɗan. Na jira in ji ya fara sauka. Da na ga shiru ya yi yawa na taɓa Sabi'u.

"In an sauka shan mai, ka yi mini magana da shugabansu. Ina da wurin zuwa."

"Sauka a ina?"

"Sudan. Ko Abashe, in nan ne ya fi."

"Baba, wannan ai da ne. Yanzu ba ya tsayawa ko'ina sai Jidda."

A bayan kujerar da ke gabanmu akwai ɗan gilashi mai nuna hoton ƙasa, da ɗan jirgi yana rarrafe a kai. Na ce ya nuna mini Abashe. Ya yi ta latsawa, ya matso da fuska, sannan ya ce, "Ai mun bar Chadi tun ana raba abinci."

A nan na gaya masa. Dutsen, aduwar, rafin, abin da Inna ta ce. Bai taɓa ji ba, shi da ya girma a gabana. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba tun a gida?" Na ce, "Da na faɗa, zai tsaya?" Na so in miƙe tsaye, ko ba komai in fuskanci baya, aka ce in zauna in ɗaura ɗamara, iska ta yi ƙarfi. Ban gama addu'ar da na fara ba sai ga teku a ƙasa. Tekun da Baba ya yi ta ambata, wai in mun gan shi mun isa.

Hanne tana wani lungu a Jidda, a bene na biyu, unguwar da kana tafe kana jin Hausa ta taga. Ta tsufa, idonta ya yi hazo saboda ciwon suga. Goshin Inna ne sak. Ta shafa fuskata da hannu biyu.

"Kai ne Yayan? Inna ta ce dogo ne."

"Na lanƙwashe."

"Ta ce kyakkyawa ne."

"Ƙarya ta yi miki."

Ta yi dariya har da tari, 'ya'yanta suna ta kallonmu, Hausarsu rabi Larabci. Aka kawo shayi da dabino. Aka yi gaisuwa, aka tambayi mutanen gida, ta tambayi Tudun Wada da ba ta taɓa gani ba kamar jiya ta baro. Sannan ta gyara zama, ta sa aka kashe talabijin. Ta ce, "To Yaya, ba ni labarin hanya. Yaya ka same shi?"

Ashe Inna ta rene ta a kan wannan. Yayanki zai zo, zai tsaya wurin Babanku, zai gaya mana. Da Inna za ta rasu ta bar mata jiran. Ita ma ba ta taɓa lissafa cewa ta sama zan zo ba, ko ta lissafa ta ƙi yarda.

Na ce, "Ban tsaya ba."

"Me ya hana?"

"Jirgi ba ya tsayawa."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Da hantsi muka tashi, ga mu."

Tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Tafiyar da ta cinye Baba." Na ce ita ce. Ta ce, "To ni me zan riƙe? Ban san fuskarsa ba, ban san wurin ba. Inna in ta fara faɗa sai kuka ya hana ta." Babu abin da na zo da shi da zan ba ta. Na ce abin da ke kaina kawai nake da shi. Ta ce, "Shi nake so. Amma kada ka yi mini irin na jirginku. Daga ƙofar gida za ka fara, ka bi da ni yadda kuka bi."

A ɗakin nan na fara, daga farin yadin. Kwanakin da muka yi a can ba su kai mu ko Yerwa ba, don ba ta barin komai ya wuce. Wa ya ba ku masauki, me kuka ci, wace riga ce a jikin Baba, yana dariya kuwa. In na tsallake gari sai ta ce in koma. Da muka dawo gida Sabi'u ya ce zai nemi hanyar da za a kai ni ta ƙasa. Ya tambaya, aka ce yankin ba ya shiguwa, ana ta faɗa. Ƙafata ma ba za ta kai ni tasha ba yanzu. Sai ya saya mini waya. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ta kira, ta ce, "Yaya, ina muka kwana?" In gaya mata, mu ɗora. Mun ƙetare kogi, mun yi zaman Fallomi, na ba ta labarin haihuwarta da matar da ta yanke mata cibiya. Ranar ta yi ta dariya, ta ce ashe a rumfar mai sayar da kifi ta zo duniya.

Mun iso Abashe tun kafin azumi, kuma ban fita da ita daga garin ba. Na zagaya da ita kasuwa, na nuna mata inda Baba ya shimfiɗa fatarsa, na sake zagayawa. Juma'ar da ta wuce ta ce, "Yaya, mun daɗe a garin nan. Jikina ba daɗi kwana biyu. Kada ka bar ni a Abashe."

Yanzu ina Tudun Wada, a zauren gidan da muka fita daga cikinsa, ƙafa a kumbure bisa matashi, waya a aljihun gaba. Na gaya mata ta ɗaura zaninta da kyau. Ranar Juma'a, in ta kira, za mu yi sammako mu bar Abashe.